Nuna Himma Ba da Baki Ba a Taron Nesa

Gabatarwa

Ma'aikacin raya karkara da ke Maraɗi, da mai sa ido kan cibiyoyin karatun manya a Damagaram, da ma'ajiyar ƙungiyar mata a Tawa, duk sukan sami kansu yanzu gaban tarho ko kwamfuta suna taro da mutanen Yamai ko na ƙasashen waje. A irin wannan taro ake yanke shawara kan kuɗin aiki, da garin da za a buɗe sabuwar cibiya, da wanda za a tura horo. Sau da yawa mutum yana da shawara mai kyau, aikin kuma yana ransa, amma waɗanda ke ɗaya ɓangaren sai su ga fuska cikin duhu, babu motsi, babu amsa, su ɗauka abin bai dame shi ba. Daga nan sai a daina tambayar ra'ayinsa, garuruwan da yake wakilta kuma su yi hasara.

Wannan shafi yana bayanin yadda mutum zai nuna himmarsa a taron nesa ta hanyar fuska, da ido, da hannu, da zama, da murya. An rubuta shi domin ma'aikata, da malaman yaƙi da jahilci, da shugabannin ƙungiyoyi, da duk wanda aka ɗora wa jagorancin taro.

1. Ma'anar kalmomi

*Taron nesa* shi ne taron da mahalartansa suke wurare daban-daban, suna jin juna, wani lokaci kuma suna ganin juna, ta hanyar intanet.

*Maganar jiki* ita ce duk abin da mutum yake isarwa ba da kalmomi ba: murmushi, ɗaure fuska, gyaɗa kai, tagumi, hamma, harara, motsin hannu, yadda ya zauna. Ana haɗa da sautin murya, wato ƙarfinta da saurinta da hawa da saukarta, har da shiru.

*Himma* a nan tana nufin alamun da ke nuna cewa mutum yana biye da abin da ake faɗa, abin ya shiga ransa, kuma a shirye yake ya ba da nasa ƙarfi.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan fanni. Charles Darwin ya wallafa littafi a 1872 kan yadda mutane da dabbobi suke bayyana abin da ke ransu. Bahaushe kuwa ya daɗe da cewa labarin zuciya a tambayi fuska.

Abin lura: a wajen horo akan ji ana cewa kalmomi kashi 7 ne kawai cikin 100 na saƙo, murya kashi 38, fuska kashi 55. Waɗannan alƙaluma sun fito ne daga gwaje-gwajen da Albert Mehrabian ya yi a Amurka a 1967. Ya gwada kalma ɗaya-ɗaya ne, don ya ga wanne mai sauraro yake gaskatawa idan kalma da murya da fuska suka saɓa wa juna a kan so ko ƙi. Shi kansa ya yi gargaɗi cewa kada a shimfiɗa lissafin a kan kowace irin magana. Darasin da za a ɗauka shi ne: idan bakinka ya ce ka ji daɗi, fuskarka kuma a murtuke, fuskar za a gaskata.

2. Yadda tarukan nesa suka yawaita

Manhajar Skype ta fito a 2003, kuma an rufe ta a watan Mayu na 2025. Zoom ta fara aiki a 2013. WhatsApp ta shigo da kiran bidiyo a 2016. Microsoft Teams da Google Meet sun fito a 2017. Amma annobar korona ce ta mai da taron nesa abin yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya ran 11 ga Maris 2020. A Nijar an sanar da mutum na farko da ya kamu ran 19 ga wannan wata, kuma kafin watan ya ƙare aka killace birnin Yamai na wani lokaci. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga tarukansa a kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu 2020.

Annoba ta wuce, amma tarukan sun zauna, domin suna rage kuɗin mota da masauki. Daga Yamai zuwa Maraɗi tafiyar sama da kilomita 600 ce, zuwa Damagaram kuwa kusan 900. Taron awa biyu da a da yake cin kwana uku na tafiya da dawowa, yanzu ana yin sa daga biro.

3. Abin da na'ura take ragewa

A zaure ko ƙarƙashin bishiya, mai magana yana ganin jama'a gaba ɗaya. Yana jin « to », « haka ne », « ƙwarai », « madalla », kuma waɗannan amsoshi su ke ƙara masa ƙarfin ci gaba. A taron nesa abubuwa huɗu suna raguwa.

a) *Jiki.* Kyamara tana nuna kai da kafaɗu kawai, cikin ɗan akwati. Idan mutane ashirin suke taro, fuskar kowa a kan tarho ba ta wuce girman kan babban yatsa ba. Ƙaramin murmushi ko ɗan gyaɗa kai ba ya fitowa.

b) *Haɗa ido.* Kyamara tana sama, fuskar abokin magana tana ƙasa a kan allo. Idan ka kalli fuskarsa, shi zai ga kamar ka sunkuyar da ido. Idan ka kalli kyamara, zai ga kana kallonsa, amma kai ba ka ganin fuskarsa sosai.

c) *Lokaci.* Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009 a kan harsuna goma ya nuna cewa tsakanin tambaya da amsa, a matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, a ƙa'idarta mai lamba G.114, ta ce jinkirin murya da bai wuce kashi 150 cikin 1000 na sakan ba yawanci ba ya ɓata hira, wanda ya wuce 400 kuwa ya kamata a guje masa. Inda rezo ba shi da ƙarfi, ko inda saƙo yake bi ta tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000, jinkirin yakan yi yawa. Wani gwaji da aka wallafa a 2014 a Jamus ya nuna cewa idan jinkiri ya kai sakan 1.2, masu magana sukan ɗauki abokinsu a matsayin marar mai da hankali, alhali laifin na waya ne.

d) *Amshi.* Ana neman kowa ya rufe makirufonsa saboda hayaniya. Ta haka « to » da « haka ne » suke ɓacewa, mai magana ya ji kamar da bango yake yi.

Saboda haka dole ne a mayar da abin da na'ura ta rage, ta hanyar alamu masu girma kaɗan, masu jinkiri kaɗan, waɗanda aka yi da niyya.

4. Shirya wuri kafin taro

Duk fara'ar da mutum zai yi, idan ba a ganin fuskarsa, a banza ne.

- *Haske.* Ku fuskanci ƙofa ko taga. Idan hasken yana bayanku, kyamara za ta daidaita kanta da shi, fuskarku ta zama inuwa. Wannan ya fi tsanani ga masu duhun fata da kuma masu sanye da farin kaya. Da dare, ku sa fitila a gabanku, sama da ido kaɗan.
- *Tsayin kyamara.* Ta kasance daidai da idonku. A ɗora kwamfuta a kan littattafai ko kwali. Tarho kuma a jingine shi da wani abu mai nauyi. Wanda ya riƙe tarho a hannu, hotonsa zai yi ta rawa, hannunsa ɗaya kuma ya ɗauru. Kyamarar da ke ƙasa tana sa a ga kamar kuna kallon mutane daga sama, abin da ke kama da raini.
- *Nisa.* Ku ja baya kamar tsawon hannu, yadda za a ga kai da kafaɗu da ƙirji, hannuwa kuma su sami wurin fitowa. Edward Hall, wanda ya yi nazarin tazarar da mutane ke bari tsakaninsu, ya rubuta a 1966 cewa a Amurka abin da bai kai santimita 45 ba, na iyali ne da aminai. Fuskar da ta cika allo tana kama da mutumin da ya matso har wannan kusanci, kuma tana takura masu kallo.
- *Sutura.* Rawani, hula ko lulluɓi ba sa hana komai, muddin ba su yi wa ido da gira inuwa ba.
- *Hayaniya.* Ku nisanci injin wuta, kuma kada fanka ta riƙa busa makirufo. Abin sauraro na kunne mai haɗe da makirufo yana gyara murya sosai.
- *Caji.* Ku cika batir, ku tanadi isassun mega. Wanda hankalinsa yake kan batir, damuwar za ta fito a fuskarsa.

5. Fuska da ido

Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Ku shiga taro da fara'a, domin minti na farko shi ne yake kafa yanayin sauran.

Likitan Faransa Guillaume Duchenne ya nuna a 1862 cewa murmushin jin daɗi yana motsa naman da ke kewaye da ido, ba leɓe kaɗai ba. Mutane suna gane murmushin yaƙe ko a kan allo. Don haka ba a so mutum ya kafe haƙora a waje tun farkon taro har ƙarshe. A yi murmushi lokacin gaisuwa, da lokacin da aka ba da labari mai daɗi, da lokacin da sabon mutum ya karɓi magana. Idan ana maganar fari ko cuta ko mutuwa, fuskar natsuwa ita ce alamar kulawa.

Game da ido, ga hanya mai sauƙi. Idan kuna magana, ku kalli kyamara a farkon zance, da wurin da kuke son jaddadawa, da lokacin da za ku miƙa wa wani magana. Idan kuna sauraro, ku kalli allo don ku karanci fuskar mai magana, kuna ɗaga ido ga kyamara lokaci-lokaci. A kan kwamfuta ana iya jan akwatin hoton mai magana zuwa sama, dab da kyamara, don tazarar ta ragu. Wasu sukan manna ɗan farin takarda kusa da kyamara don su riƙa tunawa.

Idan za ku rubuta abin da ake faɗa, ku ɗaga alƙalami da littafi a gani tun farko. In ba haka ba, wanda ya ga kanku a sunkuye zai zaci tarho kuke dannawa.

6. Kai, hannu da zama

*Gyaɗa kai* ita ce ke maye gurbin « to » idan makirufo a rufe yake. A yi ta sannu, sau biyu ko uku, a bayyane. Motsi mai sauri yakan dushe idan rezo ya yi rauni, domin manhaja tana rage yawan hotunan da take aikawa.

*Zama.* Ku miƙe baya, ku ɗan karkato gaba idan ana faɗin abu mai muhimmanci. Kishingiɗa, da tagumi, da lilo a kan kujera, da waiwaye-waiwaye, duk ana fassara su da gundura. Wanda zai gabatar da rahoto mai tsawo, gara ya tashi tsaye ya ɗaga kyamara daidai da idonsa, domin numfashi da murya sun fi fita a tsaye.

*Hannu.* Ku riƙa motsa hannu tsakanin ƙirji da haɓa, kusa da jiki. Hannun da aka miƙa wajen kyamara yakan yi girma ya rufe fuska. Ƙirga da yatsu yana taimako ƙwarai: idan kun ce dalilai uku ne, ku nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ɗora hannu a ƙirji yana nuna godiya ko tausayi. Jinjina, wato ɗaga dunƙulallen hannu, alamar girmamawa ce da kowane Bahaushe ya sani, kuma tana fita sarai a kan allo.

Gargaɗi: baƙi sukan ɗaga tafin hannu da yatsu biyar a ware su nufi kyamara, don gaisuwa ko neman magana. A wurinmu wannan yana kama da daƙuwa. Ku haɗe yatsunku idan za ku ɗaga hannu, kuma ku yi wa abokan aiki baƙi bayani cikin raha kafin a yi taro da dattawan gari. Haka nan a guji nuna mutum da yatsa, ko da hannun hagu.

Akwai shaidar cewa alamun hannu suna da amfani. A 2022 wasu masana na jami'ar UCL da ke Landan sun wallafa sakamakon gwajin da aka koya wa ɗalibai ƴan alamu kaɗan, kamar ɗaga babban yatsa da ɗora hannu a ƙirji, don su riƙa yi a darasin bidiyo. Waɗanda suka yi amfani da su sun ce sun fi jin kusanci da abokansu, sun kuma fi gamsuwa da taron. Da aka gwada maɓallan alama na cikin manhaja, ba a sami irin wannan amfani ba.

7. Murya da shiru

A taron da babu hoto, murya ita ce fuska. Ko da hoto ma, ita ce abu na ƙarshe da ke saura idan rezo ya fara yankewa.

- Ku rage sauri kaɗan, ku fitar da ƙarshen kalmomi. Wannan ya fi zama dole idan ana taro da Faransanci ko ta bakin tafinta.
- Ku bar murya ta hau ta sauka kamar yadda take yi a hira. Wanda yake karanta rahoto da sauti ɗaya, ko shi ya rubuta, za a ji kamar aiko shi aka yi. Gara a rubuta kanun magana a takarda, a faɗi sauran da ka.
- Murmushi yana canza sautin murya, mai sauraro kuma yakan ji shi ko ba ya ganin fuska.
- Ba a bukatar ɗaga murya. Ihu yana fasa sauti a makirufo.
- Bayan kun yi tambaya, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku ci gaba. Cikin wannan lokaci muryarku za ta isa, mai amsa ya buɗe makirufo, amsarsa ta dawo.
- Kada ku katse mai magana da « haka ne » akai-akai. Manhajoji da yawa suna fifita murya ɗaya a kan sauran, saboda haka amshinku zai iya cinye kalmominsa, ko ya ɗauke hotonsa ya sa naku. Ku jira ya kai aya.

Idan kun karɓi magana, ku fara da abin da na gabanku ya faɗa: « Kamar yadda Malama ta ce game da lokacin shuka… » Babu shaidar sauraro da ta fi wannan.

8. Alamomin cikin manhaja

Yawancin manhajoji suna da maɓallin ɗaga hannu, da na tafi, da na babban yatsa, da akwatin rubutu. Suna da amfani musamman a taro mai mutane da yawa, ko inda kyamara take rufe. Tafi na gaske sau da yawa ba ya wucewa, domin manhaja tana ɗaukarsa hayaniya ta shafe shi. Sai a tafa a gaban kyamara yadda za a gani, ko a danna alamar tafi.

Ku sauke hannun manhaja bayan kun yi magana. Kada ku cika akwatin rubutu da alamu lokacin da wani yake bayani mai nauyi. Gajeren rubutu irin « Madalla, mu ma a Mirriya mun gwada haka » ya fi alamu goma.

A tuna cewa ba kowa ne ya iya karatu ba, kuma wanda bai daɗe da koyo ba zai sha wuyar bin rubutu yana sauraro. Idan akwai irin waɗannan mahalarta, shugaban taro ya karanta musu abin da aka rubuta.

9. Idan dole a rufe kyamara

Bidiyo yana cin mega. Awa ɗaya ta hoto a Zoom tana iya cin mega 500 ko fiye, alhali murya kaɗai ba ta kai 100 ba. Ga wanda yake saye da kuɗin aljihunsa, ko yake garin da rezo ke zuwa yana tafiya, rufe kyamara hankali ne. Amma a yi shi da tsari:

1. A buɗe kyamara lokacin gaisuwa, ko na minti ɗaya, don a ga fuska.
2. A faɗi dalilin rufewa: « Rezo ba shi da ƙarfi a nan, zan rufe hoto, amma ina tare da ku. »
3. A sa hoton fuska a wurin suna, don kada a bar baƙin akwati.
4. A riƙa ba da alamar rai duk bayan ɗan lokaci, da maɓalli ko gajeren rubutu.
5. A faɗi suna kafin a fara magana.
6. A sake buɗewa lokacin gabatar da rahoto da lokacin sallama, idan hali ya yi.

Inda mutane da yawa suka taru gaban na'ura ɗaya, kamar kwamitin gari, a zauna a rabin da'ira, mai magana ya matso gaban kyamara, a kuma naɗa mutum ɗaya da zai riƙa faɗa wa na nesa abin da ke gudana: « Duk sun gyaɗa kai », ko « Akwai biyu da ba su gamsu ba. »

10. Al'ada da kunya

Ma'anar alamu tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Bulgeriya gyaɗa kai sama da ƙasa yana iya nufin a'a. A Indiya karkaɗa kai gefe da gefe sau da yawa yana nufin an ji ko an yarda. A ƙasar Hausa yaro ba ya ƙura wa babba ido, mace kuma takan sunkuyar da kai gaban surukai da malamai da sarakai. Wannan ladabi ne. Baturen da aka koya wa cewa kallon ido shi ne gaskiya zai iya fassara shi da rashin sha'awa ko ɓoye wani abu.

Nauyi yana kan ɓangarorin biyu. Wanda ya san al'adun biyu ya yi wa baƙo bayani tun kafin taro. Matasa da mata kuma su sani cewa kallon kyamara kallon gilashi ne, ba tsare babba da ido ba ne. Wadda duk da haka ba ta saki jiki ba, tana da gyaɗa kai, da hannu a ƙirji, da murya. Kada a tilasta wa kowa buɗe kyamara, kuma kada a naɗi taro ko a ɗauki hoton allo sai an nemi izini.

Gaisuwa ma tana cikin wannan babi. Taron da aka buɗe kai tsaye da jadawali, ba a tambayi gida da gajiya da damina ba, yakan yi sanyi har ƙarshe. A ware minti biyar na farko don gaisuwa.

Akwai kuma haɗari babba. A wurinmu « to » da gyaɗa kai sau da yawa suna nufin « na ji », ba lalle « na yarda » ba. Misali, a ce daga Yamai an kawo shawarar a ci gaba da darasin manya har cikin watan Yuli. Mai sa ido ya san ɗalibansa za su kasance a gona, amma ya yi ta gyaɗa kai don ladabi. A rahoton taro za a rubuta cewa ya amince, a fitar da kuɗi, azuzuwa su zama babu kowa, laifi kuma ya dawo kansa. Saboda haka idan ana yanke shawara, ku tsai da kai, ku ɗaga hannu, ku faɗi abin da kuka sani. Nuna matsala tun da wuri yana cikin himma.

11. Aikin shugaban taro

Mahalarta suna kwaikwayon fuskar shugaba. Idan ya saki fuska, za su saki. Ga abin da ya kamata ya yi:

- Ya shiga minti goma kafin lokaci, ya tarbi kowa da sunansa.
- Ya kafa alamu uku ko huɗu da kowa zai yi amfani da su, a gwada tare: babban yatsa sama don « na yarda », hannu a kunne don « ba na ji », ɗaga hannu don « ina da magana », hannu a ƙirji don « na gode ».
- Ya faɗi abin da ya gani: « Na ga Hajiya tana murmushi, ko za ta gaya mana? » Amma kada ya kunyata wanda ya ga yana hamma.
- Ya zagaya da magana, ya fara da na nesa da masu rufaffiyar kyamara, ya tabbatar mata sun sami rabonsu.
- Idan yana nuna takarda a allo, ya riƙa sauke ta don fuskoki su dawo.
- Kada ya auna himmar ma'aikaci da kyawun hotonsa. Wanda yake biro mai sanyi da rezo mai ƙarfi zai fi wanda ya hau tudu yana neman rezo kyan gani, ba don ya fi shi aiki ba.
- Kafin a rufe kowace shawara, ya tambayi kowa da baki ko ya amince.

12. Gajiya

Nuna himma a gaban kyamara aiki ne, kuma yana gajiyarwa. A 2021 Jeremy Bailenson na jami'ar Stanford ya kawo dalilai huɗu: yawan kallon fuskoki a kusa, da ƙoƙarin aika alamu da fassara su da gangan, da ganin kai a allo kamar mai riƙe da madubi yini guda, da zama wuri ɗaya babu motsi. Wani bincike na wannan shekara da Kristen Shockley ta jagoranta ya nuna cewa barin kyamara a buɗe yana ƙara gajiya, musamman ga mata da sababbin ma'aikata, gajiyar kuma tana rage yawan maganar da mutum yake yi a taro.

Maganin yana da sauƙi. Bayan kun daidaita hotonku, ku ɓoye shi daga idonku, domin manhajoji da yawa suna ba da wannan dama. A yi hutun minti biyar zuwa goma bayan kowace awa. A yarda a rufe kyamara lokacin dogon bayani. A kauce wa lokutan salla da tsakar rana a watannin zafi. Abin da za a iya gamawa da kiran murya ko gajeren saƙo, kada a kira masa taron bidiyo.

13. Gwaji don koyo

Ku ɗauki kanku bidiyo na minti biyu da tarho kuna bayanin aikin da kuka yi a wannan wata. Ku kalla sau ɗaya babu sauti: shin ana ganin idonku? Hannuwanku suna fitowa? Baƙo zai gane kuna son aikin? Sannan ku saurara ba tare da kallo ba: shin murya tana hawa da sauka? Ku gyara abu ɗaya kawai, ku sake ɗauka. A wajen horo ana iya yin haka bibbiyu, ɗaya yana magana, ɗaya yana sauraro da rufaffen makirufo, daga baya mai maganar ya faɗi alamun da suka ƙarfafa masa gwiwa.

A riƙa tunawa

1. Haske a gaba, kyamara daidai da ido, nisan tsawon hannu.
2. Kallon kyamara lokacin magana, kallon allo lokacin sauraro.
3. Gyaɗa kai sannu kuma a bayyane.
4. Yatsu a haɗe idan za a ɗaga hannu.
5. Jiran sakan biyar bayan tambaya.
6. Faɗin dalili idan za a rufe kyamara.
7. Bambanta « na ji » da « na yarda ».
8. Karanta takardun taro tun kafin a shiga, domin wanda ya san abin da ake tattaunawa, kuma yana da tambaya a hannu, ba ya wahalar nuna himma.